Kundin Zaman Asabar: Gizo, Aku da Tambayoyin Yara

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka buɗe sabon zango a zauren Baba Hedimasta, nan Tudun Wadar Zariya. Da'irarmu ta saba da littattafan manya, tarihi da siyasa da abin da ya samu na ƙagaggun labarai. A wannan karon mun amince mu koma kan littattafan yara, irin masu aljanu da dabbobi masu magana da zobban tsafi. Malama, wadda ke koyar da aji biyar a firamare, ita ta kawo shawarar. Hujjarta ita ce manyan tambayoyin falsafa, mece ce gaskiya, mene ne adalci, me ya sa mutum ya zama mutum, duk suna kwance cikin labaran da muke ba yara don su yi barci, sai dai mu manya mukan tsallake su da gudu mu faɗa kan "darasin labari".

Abin da muke son fitarwa ɗan ƙaramin littafi ne da malami ko uwa za su iya ɗauka: labari a taƙaice, sai tambayoyin da za a zauna a tattauna da yaro. Ni aka ɗora wa rubuta abin da ya gudana.

An ɗan ja wajen zaɓen littattafai. Ɗalibar lauya ta zo da jerin na Turawa zalla. Baba ya cire tabarau ya ce mata, "'Yata, daga nan zuwa Kamfanin Gaskiya tafiyar ƙafa ce, a garin nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, sannan mu fara da Ingila?" Aka shirya a kan a fara da na gida, na waje su biyo baya. Kwafin Magana Jari Ce uku muke da su, ɗaya ma bangonsa ya tafi. Za a riƙa karba-karba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Gizo. Inna, yayar Baba, ita ta ba mu tatsuniyar da ya ci bashin hatsi wajen Giwa, ya ci wajen Dorina, ranar biya ya miƙa wa kowaccensu bakin igiya ɗaya, ya ce dokin da zai biya da shi ne ɗaure a ɗaya bakin, su ja. Suka wuni suna jan juna. Da tsamin bakin Gizo ta yi mana ita, har da "yanka ya daɗe", tela ya yi dariya har ya sauko daga benci.

Da ta rufe da "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya", sai Malama ta ce a tsaya nan. Mai tatsuniya da bakinsa yana faɗa cewa abin da ya ba mu bai faru ba. To ƙarya ce ko ba ƙarya ba? Kuma in yaro ya tambaya, me za a ce masa?

Tela ya ce ƙarya ce mana, amma ta wasa. Malam na Islamiyya bai yarda da "ta wasa" ba. Ya kawo hadisin da ke cikin Abu Dawuda, na matar da ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Wato ƙuruciyar mai sauraro ba ta halatta a yaudare shi. Na ɗauka Malam zai ce a rufe aikin tun daga nan. Sai ya juya da kansa. Ya ce Hariri, mai Muƙama da ake karantawa a zaurukan malamai har yau, an yi masa irin wannan suka, kuma a gabatarwar littafin ya kare kansa da cewa labaransa kamar waɗanda ake sa wa dabbobi a baki ne, ba a taɓa jin wanda ya ce masu ba da su sun yi zunubi ba, ayyuka kuma suna tare da niyya. Ga Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci tun ƙarni na 8, dila da zaki da sa suna ta magana, malamai ba su ƙone shi ba.

Inda muka tsaya: yaudara tana bukatar wanda aka yaudara. Mai tatsuniya ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara suka ce "ta zo mu ji ta", an yi yarjejeniya ke nan, kowa ya san inda aka shiga. Uwar da ta ce zo in ba ka hannunta wayam ba ta yi wannan yarjejeniya da ɗanta ba. Ni dai wannan ya gamsar da ni. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne ɗaya rabin maganar: ƙaryar Gizo da kansa, wadda yake yi wa Giwa, ta gaske ce a cikin labarin, kuma yana cin riba, kuma muna murna. Ɗalibar lauya ta ce muna murna ne domin shi ƙarami ne su manya, wayo shi ne makamin marar ƙarfi. Baba ya ce to ai hatsin nasu ne, bashi ya ci, girman Giwa bai sa haƙƙinta ya halatta ba. Magariba ta raba mu a nan. Na rubuta tambayar yadda take: in marar ƙarfi ya cuci mai ƙarfi, cuta ce?

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ba a yi zama sosai ba. Kwana da kwanaki babu wutar lantarki, mai fotokwafi ya ninka kuɗi saboda janareta, aka fasa buga babin da aka shirya. Waɗanda suka zo sun raba littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, kowa ya san ranar da zai miƙa wa na gaba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ba labaran cikin littafin muka duba ba, ƙashin bayansa muka duba. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Musa yana son ya bi sahu, Waziri maci amana yana so ya fita don ya halaka, Aku kuwa kullum sai ya ɗauko labari ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Littattafan uku sun fito tsakanin 1937 da 1939, kuma yawancinmu a firamare muka fara cin karo da su, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya ce: shin abin da Aku ya yi wa Musa daidai ne?

Baba ya ce wace irin tambaya ce wannan, ai ransa ya ceta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ɗalibar lauya ta ce, "Baba, a gafarce ni, ba ceton nake musu ba, hanyar nake tambaya. Me ya hana shi zama da Musa ya ce ga abin da nake tsoro, ka yanke da kanka? Ya maishe shi kamar jariri da ake kaɗa wa kacau-kacau." Ta ce labari a nan ya zama sarƙa, sai dai mai daɗi.

Malam ya kawo abin da ya sa zaman ya yi armashi. Wannan tsari na aku mai riƙe mutum da labari ba Imam ya fara shi ba. Akwai shi a wani tsohon littafin Indiya mai labarai 70, sannan Nakhshabi ya sake shi da Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama, labarai 52. A can matar wani ɗan kasuwa ce ke son fita wajen wani namiji da dare, mijinta ya yi tafiya. Tsuntsaye biyu ne a gidan. Ta farko ta faɗa mata gaskiya ƙiri-ƙiri cewa abin da za ta yi bai dace ba, matar ta kashe ta nan take. Akun ya ga haka, ya ce je ki mana, amma kafin ki tafi ji wannan. Wato mai labarin ya riga ya amsa wa ɗalibar lauya: an gwada gaskiya tsirara, ga gawarta nan.

Ba ta sallama ba. Ta ce wannan ya nuna Aku yana da uzuri, bai nuna Musa ya ƙaru da komai ba, domin ranar da babu Aku fa? Ina ganin ta fi mu gaskiya a nan, kuma ina ganin Imam ma ya hango hakan, tunda a littafi na uku Akun da ya zama Waziri ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake sarrafa magana, ba riƙe shi yake yi da ita ba. Tela ya ce shi dai haka yake yi wa mai kayan Sallah in ɗinki bai kammala ba, ya ɗauko hira har mutum ya manta abin da ya kawo shi. Aka ce ka ji Waziri Aku na bakin kasuwa.

Tambayoyi biyu suka shiga kundi. Ya halatta a yi maka dabara don amfaninka? In ka gane daga baya, godiya za ka yi ko fushi?

Asabar, 30 ga Nuwamba

Gwaji na farko da yara. Malama ta zo da wasu 'yan ajinta da izinin iyayensu, masu shekara tara zuwa sha biyu, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Inna ta ba su Ruwan Bagaja, ba littafin Imam na 1934 mai Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba, tatsuniyar da ta girme shi. Yadda ta ba da ita: 'yar mowa ta yi fitsari a ƙirgi aka ɗora wa 'yar bora, aka kore ta ta je Ruwan Bagaja ta wanko. A hanya ta sauka gidan Cinya da Kare, ta yi musu ladabi, ba ta yi dariyar abin da ta gani ba, suka sallame ta da ƙwai, ta fasa, dukiya da dawaki da jama'a suka fito. 'Yar mowa ta bi sahu da rashin kunya, ta fasa nata, sai ga kutare da makafi da guragu sun rako ta gida.

Da aka gama, Baba, hedimasta ai hedimasta ne, ya ce, "To yara, wane darasi muka koya?" Hannuwa suka tashi, baki ɗaya: mu riƙa yin ladabi. Shi ke nan, magana ta mutu. Kowa ya faɗi abin da ya san ana so ya faɗa, idanu sun koma kan farantin ƙosai.

Malama ta ɗaga wa Baba hannu cikin ladabi, ta sake tambaya ta wata fuska: a cikin labarin nan wa kuka fi tausayi? An yi shiru mai ɗan tsawo. Wata yarinya da ke can gefe, tana murza bakin hijabinta, ta ce 'yar mowa. Aka ce don me? Ta ce ai babu wanda ya taɓa ce mata bari. Uwarta ce ta koya mata, kuma uwar ce ta tura ta. Wani yaro ya ce ƙarya ne, ai tana da hankalinta. Wata ta ce ita ma 'yar borar wahala ce ta koya mata ladabi, da ita ce 'yar gata wa ya san yadda za ta zama. Cikin ɗan lokaci yaran nan suna jayayya kan abin da malaman tauhidi da masana falsafa suka daɗe suna kai da kawo a kai: nawa ne na mutum a cikin halinsa, nawa ne na inda ya tashi. Babu wanda ya koya musu kalmar ƙaddara ko zaɓi a zaman, da kansu suka isa wurin.

Sai wani ƙaramin yaro, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ɗaga hannu ya ce, "Inna, makafin me suka yi?" Inna ta ce kamar yaya, ɗan nan? Ya ce kakansa makaho ne, shi yake yi masa jagora zuwa masallaci. Me ya sa aka ce su ne mugun abin da ya fito daga ƙwai?

Inna ta daɗe ba ta amsa ba. Daga baya ta ce haka ta ji shi a bakin kakarta, kuma tambayarsa tambaya ce. Bayan yara sun tafi aka yi ta muhawara ko a sauya ƙarshen labarin a cikin littafinmu. Baba ya ce ba a yi wa tatsuniya kwaskwarima. Malama ta ce ai kullum yi mata ake, kowace kaka da irin tata. Ni ra'ayina a bar shi yadda yake a sa tambayar yaron a ƙarƙashinsa, domin in aka share makafin an share abin da ya sa ya yi magana. Wannan aka ɗauka. An kuma kafa doka: daga yau ba a tambayar yara "wane darasi muka koya".

Asabar, 28 ga Disamba

Hunturu ya kankama, aka shigo da kaskon wuta zaure. Batun yau ɓacewa daga idon mutane. Tela ya fara da layar zana, wadda ake cewa mai ita yakan ɓace a tsakiyar taro, da labaran da ya ji a bakin mafarauta yana yaro. Daga nan ɗalibar lauya ta karanta mana abin da Aflatun, masanin falsafar Girka, ya kawo a kashi na biyu na littafinsa kan jamhuriya, fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Wani makiyayi a ƙasar Lidiya, cikin Turkiyya ta yau, ƙasa ta tsage a gabansa bayan ruwa da girgiza, ya shiga ya tarar da dokin tagulla, cikinsa gawa, a yatsanta zoben zinariya. Ya lura in ya juya kan zoben zuwa tafin hannu ba a ganinsa. Bai ɓata lokaci ba: ya shiga fada, ya lalata matar sarki, suka kashe sarkin, ya hau gado. Mai ba da labarin, yayan Aflatun ne, ya ce a kawo zobe biyu, a ba mutumin kirki ɗaya a ba azzalumi ɗaya, za a ga hanya ɗaya za su bi. A ganinsa mutane tsoron ido suke yi, ba son adalci ba.

Malam ya ce amsar Musulmi a shirye take, hadisin Jibrilu: in ba ka ganinSa, Shi yana ganinka. Babu zoben da ke ɓoye mutum daga Allah. Kowa ya yarda. Amma Malama ta ce in aka ba yaro wannan amsa a minti na farko, an sake rufe ƙofa kamar ranar darasi. Gara a bar shi ya fara faɗin abin da zai yi da layar, da gaske, sannan a tambaye shi me ya hana shi yanzu. Nan ne zai gano da kansa ko kunyar mutane ce ke riƙe da shi ko wani abu da ya fi ta zurfi. Ta ce mu muna tarbiyyar yara da "me mutane za su ce" fiye da yadda muke zato, kuma kunya irin wannan tana bukatar mai kallo. Malam ya yi shiru, sannan ya ce ba ta yi ƙarya ba.

Littafin Turawa na farko ya shigo ta nan. The Hobbit na Tolkien, malamin jami'ar Oxford, ya fito a 1937, shekara ɗaya da farkon Magana Jari Ce. Bilbo, jarumin littafin, ya tsinci zobe irin wannan a cikin kogon dutse. Wurare biyu muka karanta, ɗalibar lauya tana mayarwa Hausa. Na farko, yana ɓoye, da wuƙa a hannu, Gollum, wata halittar kogon da ke neman ransa, ya tare masa hanya bai san yana nan ba. Ya iya soke shi. Tausayi ya kama shi, ya tsallake ta kansa ya wuce. Na biyu, ya yi makonni a ɓoye cikin fadar wani sarkin aljanun daji yana satar abinci don ya rayu, bayan an gama yaƙi ya kawo wa sarkin sarƙar azurfa da lu'ulu'u, ya ce ladan gurasar da ya ci ne, alhali babu wanda ya bi shi bashi. Baba ya ce to ga wanda ya ƙaryata yayan Aflatun. Tela ya ce, "Baba, ai marubuci ne ya ga dama. A kawo layar nan kasuwa mu gani."

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Alice, ta Lewis Carroll, 1865. Bai karɓu ba. Rabin abin dariyar a jikin Ingilishi yake, da an ɗauke shi sai ya mutu a hanya, Inna ta yi gyangyaɗi. Babi ɗaya kawai muka tsira da shi, na shari'ar da ake yi wa wanda aka ce ya saci waina, inda Sarauniya ta ce a fara yanke hukunci, a binciki laifi daga baya. Wannan kowa ya gane shi ba sai an yi bayani ba. Za a sa shi da tambaya ɗaya: in ka tabbata mutum ya yi laifi, me ya sa sai an saurare shi?

Asabar, 8 ga Fabrairu

Malam ne ya ja zaman, da Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Ɗufail, likitan sarkin Muwahhidai, mutumin Andalus da ya rasu a Marrakesh a 1185. Ba don yara aka rubuta shi ba, amma farkonsa tatsuniya ce sak. Jariri shi kaɗai a tsibirin da babu ɗan Adam, barewar da ɗanta ya mutu ta shayar da shi. Ya tashi yana kukan dabbobi, yana mamakin me ya sa kowa da gashi da ƙaho shi tsirara. Inna ta ce yau ga barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wurin da ya riƙe mu shi ne mutuwar barewar. Yaron ya kira ta ba ta amsa ba. Ya duba idonta da kunnenta bai ga abin da ya toshe ba. Ya ce to cutar tana ciki, ya samo dutse mai kaifi ya tsaga ƙirjinta, ya kai ga zuciya, ya tarar da ɓangare ɗaya da gudan jini, ɗayan kuma wayam. Ya ce wanda ke zaune a ɗakin nan ya tashi, kuma shi ne uwata, ba wannan jikin ba. Sannan ya ga hankaka yana binne ɗan'uwansa, ya yi koyi da shi, kamar yadda ya zo a ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu. Daga wannan tambaya, ina wanda ya tashi ya tafi, ya bi sawu shekara da shekaru har ya kai ga cewa duniya tana da Mahalicci, ba malami ba littafi.

Baba ya ce wannan ya yi wa yara nauyi, tsaga gawar uwa. Malama ta ce yaran da ke tsaye a kan ragon layya ana feɗe shi, suna rigimar wa zai riƙe ƙafa? Kuma da wuya ka sami ɗan aji biyar da ba a yi rasuwa a gidansu ba, kuma ba mai zama da shi ya ji abin da yake tunani, sai dai a ce yi shiru ka yi addu'a. Na goyi bayanta.

Ƙarshen littafin ne ya raba kan manya. Hayyu, wato yaron, ya haɗu da Absal, wani mai ibada da ya zo tsibirin, ya koyi magana, ya ga abin da hankalinsa ya kai shi ya dace da abin da wahayi ya zo da shi. Ya tafi tsibirin mutane don ya koya musu zurfin abin, suka ƙi shi, ya ba su haƙuri ya ce su riƙe abin da suke kai, ya koma inda ya fito. Ɗalibar lauya ta ce wannan raina talaka ne, a ce gaskiya ta 'yan kaɗan ce. Malam ya ce sanin gwargwadon mai sauraro ne, kuma ai abin da Aku ya yi ke nan. Ta ce shi ya sa ba ta yarda da su biyun ba. A littafinmu za mu tsaya a binne barewa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zama na ƙarshe kafin azumi. Pinocchio na Carlo Collodi, labarin ɗan tsanar itace mai magana, wanda ya fito a matsayin littafi a Italiya a 1883. Waɗanda suka san shi ta majigi sun sha mamaki, na littafin ya fi taurin kai nesa ba kusa ba. Gyaren da ya yi masa nasiha, guduma ya jefe shi da ita ya mutu. Ya sayar da littafin karatun da ubansa ya sayar da rigarsa ya saya masa. Ya bi 'yan wasa har ya rikiɗe ya zama jaki.

Tambayar ita ce me ya rage wa ɗan itacen nan ya zama mutum, tunda yana magana, yana jin yunwa, yana kuka. Baba ya ɗauko laccar da wani masani Bature, Kirk-Greene, ya gabatar kan mutumin kirki a wajen Hausawa, wadda aka buga a 1974, inda ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Muka bi su muna auna Pinocchio. Abin da na lura shi ne ba ranar da ya daina ƙarya ya zama yaro ba. Sai da ya yi wata da watanni yana juya abin jan ruwa a gonar wani don ya samo wa tsohonsa marar lafiya kofin madara, yana saƙa kwanduna, sannan ya ba da ɗan abin da ya tara don aljanar da ta taimake shi, da ya ji tana kwance ba lafiya. Ɗaukar nauyin wani ne ya sauya shi, kuma wannan ba ya cikin goman kai tsaye. Tela ya ce shi ne zumunci, Bature ya manta da shi. Baba ya ce yana cikin amana. Ba a daidaita ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun dawo bayan Sallah. Ga inda aiki yake. Babi shida sun samu: Gizo da Giwa, Aku da Musa, Ruwan Bagaja, zoben makiyayi tare da Bilbo, shari'ar waina, da barewar Hayyu. Na Pinocchio yana hannun Baba, ya ce sai ya sake karantawa. Biyu kaɗai aka gwada da yara, domin Malama ta kai zoben aji kafin hutu. Ta ce yawancinsu sun ce Makka za su shiga jirgi su tafi ba tikiti, sai wata ta tambaya ko aikin Hajji da kujerar sata yana karɓuwa, aka cinye lokacin darasi a kan wannan.

Rigimar da ta rage ita ce ta amsoshi. Baba da Malam suna so a sa shafi a bayan littafi mai nuna wa malami inda ya kamata tattaunawa ta sauka, musamman a babin zobe da na barewa, don kada wanda bai da shiri ya bar yara cikin ruɗu kan abin da ya shafi aƙida. Malama ta ce duk malamin da ya ga shafin amsa, shi zai rubuta a allo ya ce a kwafa, an koma gidan jiya. Tsoron kowannensu yana da tushe. Na kawo shawarar a maye gurbin amsa da abin da yara suka faɗa a gwaji, ba suna, tare da aya ko hadisin da Malam ya ga ya shafi batun, a rubuta wa malami cewa kada ya kawo su sai yara sun gama nasu. Malam ya ce zai duba. Malama ta ce ta yarda in an sa gargaɗin da manyan baƙaƙe.

Sauran aiki: tela zai tambayo kuɗin buga kwafi hamsin a Sabon Gari. Ana neman mai zane, domin Cinya da Kare ba sa shiga kan yaro sai ya gani. Ɗalibar lauya za ta bincika ko muna da damar taƙaita littafin Imam da na Tolkien ba tare da neman izini ba, in babu sai a rubuta wa masu haƙƙin. Zama na gaba ranar 26 ga wata, Inna za ta kawo tatsuniyar Dodo, kuma ta ce a zo mata da yaron nan mai kaka makaho.